Umarnin da Nake Jan Ƙafa Kafin In Buga

Akwai wani saƙo da kwamfutar ajiyarmu take nuna mini duk lokacin da na tambaye ta lafiyar fayafayanta. Da Turanci yake zuwa, amma ga abin da yake nufi: ajiyarka lafiya lau take, sai dai akwai wasu sababbin fasahohi da ba a kunna ba, in kana son su to ka buga zpool upgrade. Sai kuma ta ƙara wata jimla a ƙarshe, wadda galibin mutane ba su kai idonsu gare ta: bayan ka yi haka, mai yiwuwa tsohuwar manhaja ba za ta sake iya buɗe wannan ajiya ba. Kalmomi biyu ne kacal umarnin, kafin ka kurɓi shayi ya gama aikinsa. Amma na fi shekara ina ganin saƙon ban buga ba.

Ni ke kula da ajiyar sautuka ta wani ƙaramin gidan rediyo a nan Maraɗi. Abin da ke cikin fayafayan nan huɗu ba nawa ba ne, kuma ba na gidan rediyon ba ne shi kaɗai. Akwai hirarraki da tsofaffin da suka ba da tarihin Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri, akwai tafsiran azumi na shekaru, akwai muryoyin makaɗa da maroƙa waɗanda yanzu sai dai a ce Allah ya jiƙansu. Daga kaset muka kwaso mafi yawansu, kaset ɗin kuwa zafi da ƙura sun gama da da yawa daga ciki. In fayil ɗin wata hira ya lalace, babu wanda za a koma wa a ce ya maimaita. Wannan ne ya sa nake kallon waccan jimla ta ƙarshe da idon da ba na kallon sauran saƙonnin kwamfuta da shi.

Mai karatu da bai saba da cikin kwamfuta ba zai so ya san me ake sabuntawar. Faifan ajiya bai san suna ba. Bai san hira ba, bai san waƙa ba. Abin da ya sani kawai shi ne gurabe masu lamba, miliyoyi a jere, kamar katafaren sito mai ɗakuna barkatai da babu rubutu a ƙofar ko ɗaya. Wanda ya san cewa hirar wane tana ɗaki kaza da ɗaki kaza, ranar kaza aka ajiye ta, wane ne ke da izinin taɓa ta, shi ne magatakardan sito da littafin rajistarsa. Wannan magatakarda da littafinsa su ake kira tsarin ajiyar fayil. In littafin ya ɓace ko ya gagari karantawa, kayan suna nan a cikin ɗakuna, amma tamkar babu su.

To, sabuntawa iri biyu ce, kuma rikita su wuri guda shi ke jawo kuka. Ta farko ita ce a sauya magatakarda: a kawo sabo, mai hanzari, wanda aka gyara kurakuran na da a cikinsa. Littafi yana nan yadda yake. In sabon bai yi maka ba, ka sallame shi ka maido tsohon, ya ci gaba daga inda aka tsaya. Ta biyu ita ce a sauya rubutun littafin kansa. A ce tsohon magatakarda ajami kaɗai ya iya, sabon kuwa ya iya ajami da boko. Muddin sabon yana rubutu da ajami, kowa na iya karantawa. Ranar da ka ce masa ya fara zuba boko a cikin rajista, ranar ka yi sallama da tsohon, ko da kuwa gobe sabon ya kwanta rashin lafiya. Umarnin nan mai kalmomi biyu iri na biyu ne.

Ba ZFS ne ya fara wannan ba. Tun Linux na jariri haka abin yake. A 1991 Linus Torvalds ya fito da shi yana ɗalibi a Finland, a 1992 wani Bafaranshe mai suna Rémy Card ya rubuta masa tsarin ajiya mai suna ext, shekara guda bayan nan ext2 ya biyo baya. Duk wanda ya yi aiki da ext2 a garin da ake ɗauke wuta ba sallama ya san zaman jiran nan: wuta ta dawo, kwamfuta ta tashi, sai ta tsaya tana bin faifai gurbi-gurbi tana neman inda rubutu ya yanke. A 2001 ext3 ya zo da ƙaramin littafin niyya, inda magatakarda ke fara rubuta abin da zai yi kafin ya yi shi, don in wuta ta katse shi ya san inda zai ɗora. Ga mu mazauna Sahel wannan ba ƙaramar rahama ba ce. Daɗin ext3 kuma shi ne faifansa, in an rufe shi lafiya, tsohon ext2 na iya karanta shi. Amma da ext4 ya kammala a ƙarshen 2008, ya zo da sabuwar hanyar rubuta wuraren fayil, maimakon a lissafa gurabe ɗaya bayan ɗaya sai a ce daga nan zuwa can. Kana iya kunna ta a kan tsohon faifan ext3 da umarni guda. Kana kunnawa kuwa, ext3 ya daina gane faifan.

ZFS, wanda muke amfani da shi, daga wani gida ya fito. Kamfanin Sun Microsystems na Amurka ne ya ƙirƙire shi, Jeff Bonwick da Matthew Ahrens suka fara aikin a 2001, aka sake shi ga jama'a a 2005. Dalilai biyu suka sa muka zaɓe shi. Ba ya rubutu a kan tsohon rubutu: sai ya gama ajiye sabon a wani gurbi daban sannan ya sauya rajista, don haka ɗaukewar wuta ba ta kama shi rabi da rabi. Sannan kowane gurbi yana da lambar shaida da aka lissafo daga abin da ke cikinsa, in faifai ya fara ruɓewa a ɓoye zai gane, ya ɗauko kwafi mai kyau daga ɗan'uwan faifan ya gyara. Fayafayan da aka haɗa wuri guda su yake kira tafki.

A da, lamba ake bai wa kowane sauyin rubutun tafki: siga ta 1, ta 2, haka har ta 28. A 2010 Oracle ya sayi Sun, ya rufe ƙofar asalin rubutun manhajar, ya ci gaba da ƙirga lambobinsa shi kaɗai. Waɗanda suka rage a waje, da suka haɗu a ƙarƙashin sunan OpenZFS a 2013, sai suka ga in suka ci gaba da ƙirga su ma, wata rana siga ta 30 tasu da ta Oracle za su zama abu biyu masu suna ɗaya. Sai suka yi tsalle zuwa lamba 5000 suka tsaya a nan, suka ce daga yau kowace sabuwar fasaha da sunanta za a san ta, kuma a jikin tafki za a rubuta waɗanda ake amfani da su. Dabara ce mai kyau ƙwarai. Kowace fasaha tana da hali uku: a kashe, a kunne, ko tana aiki. In a kunne kawai take ba a taɓa amfani da ita ba, tsohuwar manhaja na iya buɗe tafkin. In ta fara aiki, wasu za su bar tsohuwar manhaja ta karanta amma ban da rubutu, wasu kuwa ko leƙe ba za su bari ta yi ba.

A nan ne mutum ke iya ruɗin kansa, ya ce ai zan kunna ne kawai, ba zan yi amfani da su ba. Wasu fasahohin haka suke, misali hanyar matse bayanai ta zstd da ta zo da siga ta 2.0 a ƙarshen 2020: sai ka ce a yi amfani da ita sannan take fara aiki. Amma akwai waɗanda ana kunna su suke kama aiki nan take, kuma ba su komawa. A siga ta 2.2 akwai irinsu, kamar head_errlog, wadda ta sauya yadda ake rubuta rahoton kurakurai. Shi kuwa zpool upgrade ba ya tambayarka wacce kake so. Duka yake kunnawa.

Akwai wani matashi da muke aiki tare, yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa, wanda saƙon nan ke tsaye masa a rai kamar ƙaya. Wata rana ya ce mini, "Malam, ita da kanta fa take cewa a yi. Waɗanda suka rubuta ta sun fi mu sanin abinsu."

Na ce masa, "Gaskiya ne, sun fi mu sanin manhajarsu. Amma ba su san kwamfutar da ke ƙarƙashin teburin can ba."

Kwamfutar da nake nufi wata tsohuwa ce da muke ajiye da ita don ranar tsiya. In babbar ta ƙone, abin da ke iya faruwa duk daren da wuta ta dawo da ƙarfi, za mu zare fayafayan mu jona su a jikin tsohuwar, shirin safe ya fita kan lokaci. Wanda ke zaune a Turai, in tasa ta mutu, kafin jibi an kawo masa sabuwa har ƙofar gida, ya sauko da sabuwar manhaja cikin minti kaɗan. Mu kuwa sai an rubuta takarda, an jira kuɗi, an yi sautu, sannan a zauna ana lallaɓa intanet. Don haka ma'aunina ba sabuwar kwamfutar da muke da ita ba ce. Ma'aunina shi ne mafi tsufar na'urar da zan buƙaci ta karanta fayafayan nan a ranar da komai ya tsaya. Ubuntu 20.04 da ZFS 0.8 ya zo, 22.04 da 2.1, 24.04 kuma da 2.2. Tafkin da aka sabunta a kan na ƙarshen, na farkon ba zai buɗe shi ba. Har ɗan sandan USB da ke cikin aljihun tebur, wanda ake tayar da kwamfuta da shi in ta ƙi tashi, yana cikin wannan lissafi, kuma shi aka fi mantawa.

Wani tarkon ma ya fi wannan kusa. Ƙaramar manhajar da ke tayar da yawancin kwamfutocin Linux, wato GRUB, tana da nata ɗan karatun ZFS, kuma karatun bai yi nisa ba. Shi ya sa masu ɗora Linux gaba ɗaya a kan ZFS suke ware wani ƙaramin tafki na tashi, da fasahohi kaɗan waɗanda GRUB ya iya. Saƙon nan mai kira a sabunta yana iya bayyana a kan wannan ƙaramin tafkin ma. Mutane da yawa sun amsa kiran, komai ya ci gaba da tafiya daidai har yamma, sai da suka kashe kwamfuta suka kunna ta ƙi tashi. Bayanansu na nan ba abin da ya same su, amma mai buɗe ƙofa ya daina gane makulli.

Yaron ya yi shiru, amma na san bai gamsu ba, kuma ban ga laifinsa ba. Mun taso a zamanin da waya ke koya mana cewa duk abin da aka ce sabunta, to a danna. A mafi yawan lokuta ma hakan ne daidai. Ni kaina ba na wasa da sabunta magatakarda, domin ta nan ake toshe kafofin ɓarayi da gyara kurakurai. Da ZFS ma dole ce ke sa ka bi sawu, saboda lasisinsa bai jitu da na Linux ba, don haka ba a cikin kanel yake zaune ba, wato zuciyar Linux. Daga waje ake ɗaura shi, kuma duk lokacin da kanel ya yi gaba sai shi ma ya bi. Sai dai ko a nan ina barin makonni su wuce tukuna, in ga abin da ya samu waɗanda suka riga ni.

Ƙarshen 2023 ya ƙara mini ƙarfin wannan ra'ayi. A watan Oktoba OpenZFS 2.2.0 ya fito da wata fasaha mai ban sha'awa: in ka kwafi fayil, maimakon a sake rubuta shi, sai a nuna gurabensa na asali kawai, kwafi ya kammala nan take ba tare da cin wuri ba. A watan Nuwamba wani mai amfani da Gentoo ya kai ƙara cewa wasu fayilolin da ya kwafa sun zo da sifiri zalla a wasu sassansu. Da aka tona, sai aka tarar aibin ya girmi sabuwar fasahar da shekaru. Yana kwance ne a wani ɗan taƙin lokaci, in aka tambayi ZFS ina ramukan da babu komai a cikin fayil alhali bai gama ajiye fayil ɗin ba, sai ya ce rami ne a inda akwai bayani. Sabuwar fasahar, tare da sabon salon da umarnin kwafi na Linux ya ɗauka, su suka sa abin da da wuya ya faru ya fara faruwa a idon mutane. Siga ta 2.2.1 ta kashe fasahar, sannan 2.2.2 da 2.1.14 suka gyara tushen matsalar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin shi ne lambar shaidar nan da muke tinƙaho da ita ba ta ga komai ba. Aikinta shi ne ta tabbatar abin da aka rubuta shi ne abin da ake karantawa. Sifiri aka ba ta, sifiri ta buga wa hatimi, kuma duk binciken da za ka yi zai ce maka lafiya lau. Ka ɗauka hirar wani dattijo ce, minti uku a tsakiyarta sun zama shiru, kuma ba wanda zai sani sai ranar da aka sa ta a iska. Waɗanda ba su buga zpool upgrade ba, sabuwar fasahar ba ta kunnu a tafkinsu ba, don haka haɗarin ya yi musu sauƙi sosai, ko da yake tsohon aibin na nan tare da kowa. Kada kuma mai ext4 ya yi dariya. A watan Disamba na shekarar, Debian ta dakatar da fitowar 12.3 saboda an gano kanel 6.1.64 na iya lalata bayanai a kan ext4, sai 12.4 aka saki a madadinta. Waɗannan mutane ne masu taka-tsantsan, kuma a fili suka yi aikinsu, shi ya sa ma muka ji labari har aka gyara cikin kwanaki. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ake yi wa naka.

Amma zan yi wa yaron nan adalci, domin akwai gaskiya a gefensa da ta fi wadda ya faɗa. Zama wuri ɗaya ma hanyar asara ce, sai dai ita a hankali take zuwa. A farkon shekarun 2000 ReiserFS na cikin tsare-tsaren ajiya da ake yayi, SUSE ma shi ta riƙa ɗora wa mutane har zuwa 2006. Mai shi, Hans Reiser, kotu ta same shi da laifin kashe matarsa a 2008, masu kula da manhajar suka yi ta raguwa.  A 2022 aka yi shelar za a cire shi daga Linux, a farkon 2025 kanel 6.13 ya fito babu shi. Wanda ya ajiye faifan ReiserFS a cikin akwati yana cewa ai ban taɓa shi ba, lafiya lau yake, yau in ya jona shi a sabuwar kwamfuta ba za ta gane shi ba. Wancan ya sauya rubutu ya bar tsohon magatakarda a baya, wannan kuma ya riƙe tsohon rubutu har masu iya karanta shi suka ƙare. Mu da muka ga yadda na'urar kaset ta gagara samu a kasuwa ba mu buƙatar a yi mana dogon bayani.

Saboda haka zan buga umarnin, ba yau ba dai. Kuma ba don saƙo ya ishe ni ba, sai don akwai fasahar da nake so da sunanta. Siga ta 2.3 da ta fito a Janairun 2025 ta zo da damar ƙara faifai guda a kan jerin da ake da shi ba tare da an rushe tafki an sake gini ba. Ga mai sayen faifai ɗaya-ɗaya gwargwadon abin da aljihu ya bari, wannan dalili ne na gaske, kuma fayafayanmu sun kusa cika.

Daga baya zan faro. Tsohuwar kwamfutar ƙarƙashin tebur za a fara ɗagawa, ita da sandan USB, har sai na ga da idona sun iya sabon karatu. Sannan in sa tafki ya bi kansa gurbi-gurbi ya tabbatar da lafiyarsa, abin da ke cin yini guda a wurinmu. Sannan a sabunta kwafin da muke ajiyewa a wani gida daban, in ɗauko fayiloli kaɗan daga cikinsa in saurara da kunnena, don kwafin da ba a taɓa buɗewa ba zato ne kawai. ZFS na da wata dabara mai suna zpool checkpoint, wadda ke riƙe hoton tafki gaba ɗaya yadda yake kafin a taɓa shi; in abu ya ɓaci ana iya komawa can, amma duk abin da aka rubuta bayan hoton ya tafi, don haka ranar da babu ɗaukar shiri za a yi aikin, kuma ba a lokacin azumi ba, sa'ad da tafsiri ke shigowa kullum. Tun siga ta 2.1 kuma ana iya gindaya wa tafki iyaka, a ce kada ya wuce fasahohin da siga kaza ta sani, ta yadda ko wani ya buga umarnin bisa kuskure ba zai tsallake ba. Wannan iyakar na riga na sa ta.

Yaron na ba shi aikin tsohuwar kwamfutar. Ya gama ɗaga ta makon jiya, ya kuma gano da kansa cewa sandan USB ɗinmu tun na zamanin 0.8 ne. Ya karɓi kuɗin sabo a wurin ma'aji, ya ce ranar Asabar zai haɗa shi.